Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya: A Ƙulla Yarjejeniyar Al'adu da Nijar Tun da Sauran Lokaci

Zuwa ga Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira, Abuja.
Kwafi ga Ma'aikatar Harkokin Waje, da Hukumar ECOWAS, Abuja.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna fatan kuna lafiya. Wannan takarda daga Jos ta fito, daga hannun wasu masu cin abinci da harkar al'adu: ma'aikatan adana kayan tarihi, masu shirya fim, masu fassara da gyaran littafi, dukawa, da masu haɗa wasan kokawa da kiɗa. Muna magana da yawunmu, da kuma yawun abokan sana'armu na jihohi bakwai da suka yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, wato Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar hukumar ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga su fita ba biza, kayansu kuma su ci gaba da cin moriyar sassaucin haraji, har zuwa lokacin da za a sanar da wani abu daban. Mun yaba da wannan. Sai dai sanarwa daban, yarjejeniya daban. Duk zirga-zirgar makaɗa, 'yan kokawa, 'yan fim, masu sana'ar hannu da masu bincike a kan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, yanzu da waccan sanarwar ta dogara, kuma ana iya janye ta da safe ɗaya. Alamun sauyi ma sun fara: ƙawancen ƙasashen uku ya fito da fasfonsa, a Maris 2025 kuma ya sanar da harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigarwa daga waje. Mun ga abin da rufe iyaka ya yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun kuma ga na bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, wanda bai ƙare ba sai Maris 2024. A duka biyun maganar shinkafa da fetur da lantarki aka yi. Mai kalangu da mai kyamara ba wanda ya tuna da su.

Ba wai babu alkawari a rubuce ba. A nan Abuja, a 1987, shugabannin ECOWAS suka sa hannu a yarjejeniyar al'adu ta ƙungiyar. Kundin da aka sabunta a Kwatano a 1993, sashe na 62, ya wajabta wa ƙasashe ƙarfafa musayar al'adu, da gina hanyoyin samarwa da rarraba kayan fasaha, da yaɗa koyon wani harshe na Afirka ta Yamma domin haɗa kan yankin. Sashe na 87 ya ba shugabanni ikon ayyana harsunan gida a matsayin harsunan ƙungiya. Fiye da shekara 30 ke nan, da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal kawai ake aiki. A gida kuma, manufar al'adu ta ƙasa tun 1988 aka ƙaddamar da ita, kafin a fara fim ɗin Hausa na kaset, balle wayar hannu. A Maris 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Maƙwabcinmu ya ɗaukaka harshen da muka fi kowa yawan masu magana da shi, a daidai lokacin da igiyar da ta ɗaure mu a hukumance ta tsinke, kuma ba mu ga ma'aikatarku ta yi wani yunƙuri na cin moriyar wannan ba.

Mu fara da bakin iyaka, domin can ake shan wuya kullum. A ɗauki ƙungiyar makaɗa ta mutum 12 da aka gayyata biki a Maraɗi, za su bi ta Jibiya. A motarsu akwai kalangu, kotso, algaita, gurmi, lasifika huɗu, na'urar haɗa sauti da ƙaramin janareto. Mutanen za su wuce da katinsu. Kayan ne matsala. A wurin kwastan, lasifika da janareto haja ce da aka shigo da ita, sai in an tabbatar cewa za ta fita. Hanyar da doka ta tanada ita ce izinin shigar da kaya na wucin gadi, wanda aka tsara domin kamfanoni masu manyan injuna, ana neman jingina, ana kuma nemansa tun kafin tafiya da nisa. Makaɗin da aka kira ran Talata domin bikin Asabar ba zai iya wannan ba, sai a koma ciniki a bakin shinge. A dawowa a maimaita, domin babu takardar da ta nuna cewa daga gida aka fita da kayan, sai a ce sabon saye ne. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: mai biki ya gwammace ya gayyaci mawaƙi shi kaɗai, ya zo da kiɗansa a cikin waya, makaɗa da 'yan amshi su zauna gida. Mutum ɗaya ya samu, goma sha ɗaya sun rasa, yaran da za su gaji kalangu kuma suna kallo suna yanke shawara.

Maganin bai wuce takarda ɗaya ba. Fom mai kwafi uku, da Hausa da Faransanci da Ingilishi, a jera kowane kaya: na lantarki da lambarsa, na gargajiya da siffarsa da hotonsa. A buga hatimi sau huɗu, fita, shiga, fita, dawowa. Ta yi aiki kwana 30. A maimakon jinginar banki, hukumar al'adu ta jiha ko ƙungiyar sana'a mai rajista ta tsaya wa mai kayan. A fara gwaji a mashigai biyar: Kamba, Illela, Jibiya, Kwangwalam da Maigatari. Abu biyu ne za su kashe wannan tsari in ba a kula ba. In aka ce sai a Abuja ake karɓar fom, ya mutu tun ran haihuwa, dole a same shi a manyan biranen jihohin da kuma a mashigin kansa. In kuma ba a rubuta kuɗinsa ɓaro-ɓaro a jikin bango ba, to an ƙara wa matafiyi shinge ne kawai. A sa dawakin hawan salla a cikin tsarin, tare da takardar likitan dabbobi, domin sarakunan ɓangarorin biyu ba su daina aika wa juna mahaya ba. Kada a manta mai sarautar Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir.

Batun kayan hannu da kayan tarihi ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan muke so ku tsaya. Tsarin ECOWAS ya yafe wa kayan da aka yi da hannu haraji, ba ya ma neman takardar shaidar asali a kansu. Amma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, kuma ta fassara kayan tarihi da faɗi: duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda yake da muhimmanci kuma aka taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. A ƙarƙashin wannan fassara, kakakin fada ko tambarin da za a je wasa da shi a dawo yana iya faɗawa ciki. Jami'in da ke bakin iyaka kuwa ba a koya masa bambance tukunyar da aka gasa bara da mutum-mutumin da aka tono daga ƙasa ba. To sai abin ya juye: badukun Naraguta da mai tukwane su ne ake tsarewa, domin su ne suke zuwa da kayansu a fili, masu fasa-ƙwaurin kayan tarihi kuma su wuce da nasu a cikin buhun hatsi.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Tun 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa mutum-mutumin laka na Nok, da na Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, da na Sao a yankin Tafkin Chadi, a jerin kayan da aka fi wawashewa. Da yawansu ta ƙasashen maƙwabta suke fita, musamman Kwatano da Lome, kafin su isa kasuwannin Turai. Najeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970, amma akwai sharaɗin da ake yawan mantawa: sashe na 7 yana tilasta mayar da abin da aka sace daga gidan tarihi ne in har an nuna yana cikin rajistar gidan. Abin da ba a yi wa rajista ba, ko aka tono shi da dare daga gona, da wuya a ci shari'arsa. Saboda haka aikin farko ba taron ƙasa da ƙasa ba ne, rajista ce. Ƙa'idar da 'yan sandan duniya suke aiki da ita, Object ID, tana neman hoto da amsar tambayoyi tara: wane irin abu ne, da me aka yi shi kuma ta yaya, awonsa, rubutu ko alamar da ke jikinsa, tabo ko karaya ko gyaran da ya bambanta shi, sunansa in yana da shi, abin da yake nunawa, zamaninsa, da wanda ya yi shi. A ɗauki hoto ta gaba, ta baya da ta ƙasa, da ma'auni a gefe. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye rajista a ginin da kayan suke, ɓarawo ko gobara su tafi da duka biyun. Dole a ajiye kwafi a wani gari, kuma jerin abin da ya ɓace ya isa hannun kwastan na ƙasashen biyu cikin kwanaki, ba bayan shekara ba. ECOWAS ta amince da shirin 2019 zuwa 2023 na dawo da kayan tarihi daga ƙetare. Muna goyon baya, amma ba ma'ana a karɓo daga Jamus ta ƙofa, wasu na fita ta taga.

Jos tana da abin da za ta bayar a nan. Gidan tarihinta tun 1952 yake. A 1963, da taimakon UNESCO, aka buɗe cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a nan, ana koyarwa da Ingilishi da Faransanci, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban. Abin da muke nema an taɓa yin sa a garin nan. Kwas na mako biyu ga jami'an kwastan da na gidajen tarihi daga ɓangarorin biyu, a ɗaki ɗaya, da kayan Nok na gaske a gabansu, zai fi tarin takardun umarni amfani.

Haka rubuce-rubucen ajami da na Larabci. Tarihin Katsina, Gobir, Kabi da Borno rabinsa yana wannan ɓangare, rabi yana wancan. Akwai tarin littattafai a Gidan Arewa da Ma'adanar Ƙasa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos. A Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, ga kuma CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka mai tattara tarihin baka. Sau da yawa ɗalibin da ke Zariya ya fi saurin samun hoton wani littafi daga wata jami'ar Turai a kan ya same shi daga Yamai. Littattafan nan warwara suke, ba ɗinki, ganye-ganye a cikin gafaka, galibi ba lambar shafi. Abin da ke nuna jerinsu shi ne kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda da ita shafi na gaba zai fara. Mai ɗaukar hoton da bai iya karatun ba, in ganyen ya tarwatse masa, ya haɗa littafi biyu ya zama ɗaya ba tare da ya sani ba. Don haka kowace tawaga sai da malamin da ya iya karanta rubutun. A ɗauki hoto da kyamara daga sama, kada a danna takarda a na'urar kwafi, domin tsohuwar takarda karyewa take. Ƙarfin hoto kada ya gaza ɗigo 400 a kowane inci, a adana kwafi uku, aƙalla ɗaya a wata ƙasar. Sannan a amince da fom ɗin bayani iri ɗaya, ta yadda sunan marubuci ɗaya ba zai fito da rubutu uku a kundi uku ba. Littattafan da ke hannun iyalai kuwa a ɗauki hotonsu a gidajensu, a bar musu kayansu da kwafi, a rubuta yardarsu. Da zarar aka ji gwamnati na kwashewa, kowa zai kulle akwatinsa, gara da laima su ƙarasa aikin.

Kaset ma lokaci na ƙure masa. Faifan maganaɗisu, na bidiyo ko na rediyo, yakan fara lalacewa bayan shekara 20 zuwa 30, zafi da laima kuma na gaggauta shi: fumfuna ta kama, ko ya yi danƙo ya manne a kan na'ura. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 sun kai wannan shekaru, haka waƙoƙin da ke ma'ajin Rediyon Kaduna da Muryar Sahel ta Yamai, inda muryoyin makaɗan ɓangarorin biyu suke a cakuɗe. Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da ma'adanar fim da sauti a Jos suke, garin da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200, sanyinsa kuma yana rage kuɗin sanyaya ɗaki. Abin da ya fi ƙaranci yanzu shi ne na'urorin kunna kaset masu lafiya da masu gyaransu, domin an daina ƙera su.

Sai haƙƙin mallaka. Nijar na cikin manyan kasuwannin fim da waƙar Hausa, gidajen rediyo da talabijin na can suna sa kayanmu, namu ma suna sa nasu. Hanyar da kuɗi ke bi a duniya sananniya ce: hukumar karɓar kuɗin masu fasaha ta wata ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar wakilci da takwararta, kowacce ta karɓa a gidanta, a tura wa juna bisa jerin abin da tashoshi suka sa. Nijar na da ofishinta, BNDA, Najeriya kuma ta sabunta dokarta a 2022. Inda abin ke tsayawa wuri uku ne: yawancin makaɗan gargajiya ba su yi rajista ko'ina ba, tashoshi ba sa cike jerin abin da suka sa, sannan tura kuɗi tsakanin naira da sefa har yau a hannun 'yan canji ya fi sauƙi. Rajista kyauta da Hausa, a yi ta a wuraren bukukuwa inda makaɗan suke taruwa, ita ce matakin farko. Ga fim kuma a ƙulla yarjejeniyar shiryawa tare, wadda za ta ɗauki fim a matsayin na gida a ƙasashen biyu muddin kowane ɓangare ya zuba aƙalla kashi 20 cikin 100.

Batun ƙa'idar rubutu gajere ne. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 domin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, amma har yau Nijar na rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, kalmomin kimiyya da na mulki kuma kowa na ƙirƙirar nasa, mu daga Ingilishi, su daga Faransanci. Yanzu da Nijar za ta buƙaci littattafan makaranta da takardun hukuma da Hausa, in ba a zauna ba, nan da shekaru kaɗan mawallafin Zariya ba zai iya sayar da littafin lissafi a Damagaram ba. Kwamitin dindindin na jami'o'in Kano, Sakkwato, Katsina, Yamai, Maraɗi da Damagaram, tare da hukumar harsuna ta Tarayyar Afirka, ACALAN, ya isa.

A UNESCO ma kowa tafiyarsa yake shi kaɗai. An sa bikin kamun kifi na Argungu a jerinta na al'adun gado na duniya a 2016, hawan sallar Kano a 2024. Nijar ta shigar da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu a 2014, alhali wasan Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Yarabawa bai san iyaka ba. Ƙa'ida ta yarda a faɗaɗa abin da aka riga aka shigar ya haɗa da wata ƙasa, kuma takardar haɗin gwiwa na cikin waɗanda ake ba fifiko. Mun ma taɓa yi: bikin Gelede na Yarabawa, da sunan Benin da Najeriya da Togo aka shigar da shi. Sharuɗɗan a bayyane suke: abin ya kasance a rajistar kowace ƙasa, a kawo shaidar yardar masu al'adar, hotuna 10, bidiyo na minti 5 zuwa 10, a miƙa kafin 31 ga Maris, hukunci ya fito ƙarshen shekara mai zuwa. Kokawa ce ta fi dacewa a fara da ita. Nijar na gasar takobi ta ƙasa tun 1975, kuma ta sha karɓar baƙuncin gasar kokawa ta ECOWAS. Ficewarta bai kamata ya raba 'yan kokawar Doso da Tawa da na Sakkwato da Kebbi ba.

Mun san za a ce mana gwamnatin soja ce a can, ga kuma matsalar tsaro. Ba mu raina ko ɗaya ba. Amma mutumin da sunansa da hotonsa da kayansa suke a fom, hukumar jiharsa ta tsaya masa, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda wahalar shinge ta kora ya bi ta daji a kan babur. Kuma ba sai an jira an sasanta rikicin ECOWAS ba. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971 take, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, hedikwatarta na Yamai, ficewar kuma ba ta shafe ta ba. A Afrilun 2025 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun gana a Yamai sun amince a farfaɗo da ita. Abin da aka fi ji daga ganawar shi ne ciniki, tsaro, bututun gas da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Zumunci a ƙafa yake, kuma masu ƙafar su ne mutanen da muka lissafa a sama.

Don haka muna roƙon ma'aikatarku ta rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje a hukumance, ta nemi a kafa ƙaramin kwamitin al'adu a cikin Hukumar Haɗin Gwiwa, da kujeru ga jihohin iyaka bakwai, masarautu, da masu sana'ar kansu. Cikin wata shida kwamitin ya fitar da daftarin yarjejeniya da ta ƙunshi fom ɗin kayan wasa, musayar rajistar kayan tarihi, kundin rubuce-rubuce na bai ɗaya, wakilcin haƙƙin mallaka da shirya fim tare. Fom ɗin kayan wasa kada ya jira sauran, a fara gwajinsa kafin babbar salla mai zuwa. Muna roƙon a ba manyan gidajen tarihi na jihohin iyaka ikon ba mai sana'ar hannu takardar wanke kayansa a rana ɗaya. A ware wa aikin layinsa a kasafin kuɗi da sunansa, a riƙa buga abin da aka kashe duk shekara. Sabuwar manufar al'adu ta ƙasa kuma ta zo da babi na musamman kan maƙwabta, ta yadda abin da aka gwada da Nijar za a iya kai shi Benin, Chadi da Kamaru.

Hukumar ECOWAS kuma, a tattaunawarta da ƙasashen uku, muna roƙon ta sa zirga-zirgar masu fasaha da kayan aikinsu a rubuce cikin duk abin da za a cimma, ta bar musu ƙofar gasanni da bukukuwanta a buɗe, ta kuma kai sashe na 62 da na 87 gaban taron shugabanni domin a yanke hukunci kan harsunan gida.

A shirye muke mu kawo samfurin fom ɗin da tsarin kwas ɗin jami'an iyaka duk ranar da kuka kira mu. Muna sauraron amsarku.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wasu ma'aikatan al'adu da masu sana'ar fasaha,
Jos, Jihar Filato.